Ɓarin da Bai Shanye Ba Shi Ma Ramewa Yake: Awon Tsoka da Farfaɗowar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Idan shanyewar ɓarin jiki ta kama mutum, hankalin kowa yana komawa kan hannu da ƙafar da suka mutu. Su ake shafa wa man zafi, su ake yi wa tausa, kuma duk wanda ya zo dubiya su yake tambaya ko sun fara motsi. Ɗaya ɓarin kuwa, wanda ake kira mai lafiya, ba mai waiwayarsa. Alhali shi ne zai ɗauki nauyin jikin gaba ɗaya ranar da za a ce mara lafiya ya miƙe. Da shi zai dafa gado, da shi zai riƙe sanda, a kan cinyar wannan ɓarin zai tashi daga zaune. In aka bar ta ta zube a makonnin kwanciya, to ko ƙwaƙwalwa ta fara gyara kanta, babu abin da zai ɗaga mutumin.

Likitoci suna kiran wannan zubewar tsoka sakopeniya. Wani likita a Amurka, Irwin Rosenberg, ya raɗa mata sunan a 1989, kuma da farko ramar tsufa ake nufi: tsoka ta ragu, ƙarfi ya ragu, tafiya ta yi nauyi. Sai a 2016 aka ba ta lamba tata a kundin cututtukan da asibitocin Amurka ke aiki da shi. Amma wadda ke biyo bayan shanyewar ɓarin jiki ta bambanta da ta tsufa. Ta tsufa shekaru take ɗauka, wannan kuwa makonni. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara binciken da aka yi a wurare daban-daban, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 42 cikin 100 na waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna da ita. Kusan mutum biyu ke nan a cikin biyar.

Hanyoyin da tsokar ke bi ta zube suna da yawa, kuma haɗuwa suke yi a lokaci guda. Ta farko daga ƙwaƙwalwa take. Tsoka na rayuwa ne da saƙon da ke zuwar mata ta laka da jijiyoyi. Da zarar jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, saƙon ya yanke, kuma gwajin lantarki da aka yi wa tsokar hannu ya nuna cewa adadin jijiyoyin da ke motsa ta yana fara raguwa tun cikin awannin farko. A hankali zaren tsoka yana sirancewa, kitse yana kutsawa tsakaninsa, irin zaren da ke jure doguwar wahala yana juyewa zuwa mai saurin gajiya. Shi ya sa za ka ga mutum ya yi taku goma da kyau, na sha ɗaya ƙafa ta fara ja. Ɓarin mai lafiya ma bai tsira sarai ba, don ba duk jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ne ke tsallakawa ɗaya gefen ba, kusan kashi ɗaya cikin goma suna sauka ne a gefensu.

Ta biyu kwanciya ce, kuma ita ce ta fi cin ɓarin mai lafiya. A 2007 an yi wani gwaji a Amurka: aka kwantar da dattawa masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a gado, ana ba su abinci isasshe. Da aka auna su, kowanne ya rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu, ƙarfin miƙe gwiwa ya ragu da kusan kashi 16 cikin 100. Waɗannan fa lafiyayyu ne, ba zazzaɓi, ba yunwa. Sai a ƙiyasta wanda ya yi mako uku a kwance, ga ciwon huhu ko ciwon mafitsara ya shigo, jiki yana narkar da tsoka don ya samu abin yaƙi da cuta.

Ta uku yunwa ce, wadda sau da yawa ba a gane ta da sunan yunwa. Kusan rabin masu wannan ciwo suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko. Wani yana ƙwarewa, wani abinci na taruwa masa a kuncin da ya mutu, wani hannun cin abincinsa ne ya shanye kuma yana jin nauyin a riƙa ba shi a baki, wani kuma baƙin ciki ya ɗauke masa sha'awar ci. Sai gida su koma koko da shayi da kunun tsamiya, safe da rana da dare, don su ne ke wucewa ba wahala. Ciki ya cika, amma abin gina tsoka bai shiga ba. Tsokokin haɗiya su ma tsoka ne, suna ramewa tare da sauran, sai haɗiyar ta ƙara lalacewa, cin ya ƙara raguwa.

Me ya sa sai an auna

Ido yana yaudara a nan. Babbar riga da zani da hijabi suna rufe cinya da dantse, kuma mai jinya da ke ganin mara lafiya kullum ba ya lura da ramar da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Mai ƙiba ya fi kowa ɓoyuwa: tumbi na nan, fuska a cike, amma cinya ta zama kitse da fata. Sikelin awon nauyi ma ba ya raba tsoka da kitse da ruwan kumburi. Mutum na iya rasa kilo biyu na tsoka, ya tara kilo biyu na ruwa a ƙafafu, sikeli ya ce babu abin da ya canza.

Ƙungiyoyin ƙwararru biyu ne aka fi bin ƙa'idojinsu: ta Turai, wadda ta fitar da nata a 2010 ta sabunta a 2019, da ta Asiya, wadda ta fitar a 2014 ita ma ta sabunta a 2019. Dukansu sun tsaya kan abu uku: ƙarfin tsoka, yawanta, da abin da mutum ke iya yi da ita. Matsalar ita ce an tsara gwaje-gwajen ne don dattijon da ya tako da ƙafarsa zuwa asibiti, ba don wanda rabin jikinsa ya mutu jiya ba. Dole sai an san wanne ne zai yi aiki, kuma a wane ɓari.

Akwai takardar tambayoyi biyar mai suna SARC-F: wahalar ɗaga kaya mai nauyin kilo huɗu da rabi, wahalar tafiya cikin ɗaki, wahalar tashi daga kujera ko gado, wahalar hawa matakala goma, da yawan faɗuwa a shekarar da ta wuce. Kowace tambaya maki 0 zuwa 2, wanda ya kai 4 ana zarginsa. Ga wanda ya shanye jiya, yi masa waɗannan tambayoyi kan halin da yake ciki yanzu ɓata lokaci ne, don ciwon kansa zai ba shi maki mai yawa. Amfaninta shi ne a tambayi matarsa ko ɗansa yadda yake wata guda kafin ya faɗi. Wanda ya shigo ciwon da ramammiyar tsoka tafiyarsa daban ce da ta wanda ya shigo da ƙarfinsa. Sai dai a Kano tambayoyin na bukatar a mayar da su irin rayuwarmu. Dattijuwar da ke Yakasai ko Fagge ƙila ta shekara ba ta hau bene ba, kuma a tabarma take zama, ba a kujera ba. Ita tambayar da za ta fito da gaskiya ita ce: Hajiya tana iya ɗaukar galan ɗin ruwa mai lita biyar? Tana tashi daga sujada ba tare da dafa bango ba, ko ta koma salla a zaune? Tana iya tsuguno a banɗaki ta miƙe da kanta? A sani kuma wannan takarda tana kuskuren barin mutane da yawa su wuce: in ta ce akwai matsala, galibi akwai, amma in ta ce babu, ba a gama magana ba.

Ƙarfin damƙa shi ne gwajin da ya fi sauƙi kuma ya fi faɗin gaskiya kan ƙarfin jiki gaba ɗaya. Ana yin sa da ƙaramar na'urar matsawa. Mara lafiya ya zauna, kafaɗa a sake, gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar bango, ya matse iya ƙarfinsa na daƙiƙa uku zuwa biyar. Sau uku, da hutu a tsakani, a ɗauki mafi girma. Kuma da hannun mai lafiya ake yi. In aka auna wanda ya shanye, ɓarnar ƙwaƙwalwa aka auna, ba tsoka ba. Ƙa'idar Turai ta ce ƙasa da kilo 27 ga namiji ko 16 ga mace rauni ne. Ta Asiya ta ce 28 da 18. Inda babu na'urar, likitocin gashi, wato masu gasa jiki da motsa gaɓoɓi, suna da dabara: a naɗe hannun na'urar awon hawan jini mai famfo, a hura shi zuwa 20, mara lafiya ya matse, a karanta inda allura ta kai. Wannan lamba ba kilo ba ce, ba za a gwada ta da 27 ko 16 ba, amma tana nuna ko mutum yana hawa ko yana sauka daga mako zuwa mako, muddin na'ura ɗaya ake amfani da ita kuma naɗi iri ɗaya. Inda gwajin damƙa ke faɗuwa shi ne wurin wanda ciwon ya taɓa masa fahimtar magana ko wanda bai gama farfaɗowa ba. Irin wannan a nuna masa da hannu, ya kwaikwaya. In bai gane ba, a rubuta ba a iya aunawa ba, kada a rubuta sifili.

Awon sha-raɓa kuwa tef ɗin tela kawai yake bukata, irin wanda ake samu a kowane shagon ɗinki, amma wanda bai miƙe ba don tsufa. Mara lafiya ya zauna a bakin gado, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwa a lanƙwashe daidai. In ba ya iya zama, a kwance rigingine a tada gwiwar. A yaye wando ko zani, a zagaya tef a wurin da sha-raɓar ta fi kauri, a ɗan matsa sama da ƙasa har a tabbatar nan ne mafi faɗi. Tef ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. A karanta har da ɗigon milimita, a maimaita, sannan a auna tazarar wurin daga ƙasan ƙoƙon gwiwa a rubuta, don mako mai zuwa a dawo daidai nan. Ƙa'idar Asiya ta sa iyaka a ƙasa da santimita 34 ga maza, 33 ga mata. Ta Turai ta ambaci 31. A auna ƙafafu biyu, amma mai lafiyar ce ke ba da labarin jiki. Kafin a ɗora tef, a danna babban yatsa a kan ƙwauri na daƙiƙa biyar. In ya bar rami, akwai kumburi, kuma lambar za ta fito fiye da gaskiya, wani lokaci da santimita biyu. Ƙafar da ta shanye tana yawan kumbura saboda rataye da take yi. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ga zafi ga ciwo, wannan ba maganar awo ba ce: ana zargin gudan jini ne a jijiya, kada a yi mata tausa, a kira likita nan take.

Ga wanda ya fara miƙewa, akwai gwaji biyu. Tashi daga kujera sau biyar, hannuwa a ƙirji: wuce daƙiƙa 15 rauni ne a ƙa'idar Turai, 12 a ta Asiya. Sai saurin tafiya: a auna mita huɗu a baranda, a ɗauki lokaci da agogon waya. Daƙiƙa biyar shi ne mita 0.8 a daƙiƙa, kuma nan ne iyakar a ƙa'idar Turai. Likitocin gashi sun daɗe da sanin cewa mai tafiya ƙasa da 0.4 ɗan cikin gida ne, mai tsakanin 0.4 da 0.8 zai iya zuwa masallacin unguwa, sai wanda ya haura 0.8 ake sa ran ya shiga gari. Ko shi ma, tsallaka Titin Zariya da yamma wani gwajin ne daban.

Na'urorin da ke auna yawan tsoka kai tsaye suna nan, amma ba kowa zai kai gare su ba. DXA, na'urar da ke ɗaukar hoton jiki ta raba tsoka da kitse da ƙashi, ita ce ake ɗauka ma'auni, sai dai tsada da ƙaranci. Akwai mai tura ƙaramin lantarki cikin jiki ta lissafa tsoka da kitse. Tana ruɗewa in akwai kumburi ko ƙishirwa ko an gama ƙarin ruwa, kuma ba a sa ta ga mai na'urar bugun zuciya a ƙirji. Abin da ya fi dacewa da mu, a ganinmu, biyu ne. Na farko na'urar sikanin da ake duba masu ciki da ita tana iya auna kaurin tsokar gaban cinya, a tsakiyar tazarar ƙugu da gwiwa, cikin minti kaɗan, matuƙar mai aunawa bai danna kan na'urar ya matse tsokar ba. Na biyu hoton CT na kai, wanda iyali sun riga sun biya kuɗinsa don a gane toshewa ce ko fashewa. A cikin wannan hoton ana ganin tsokar tauna da ke tsakanin ido da kunne, kuma masu bincike a Japan da Turai sun nuna kaurinta yana tafiya da yawan tsokar jiki. Awo ne da ba ya bukatar ƙarin ko kwabo, illa mai karanta hoton ya ɗora ma'auni.

Abin da awon ke faɗi game da warkewa, da abin da ba ya faɗi

Ana auna farfaɗowa da ma'aunai sanannu. Ma'aunin Rankin yana tafiya daga 0, babu wata alama, zuwa 6, rasuwa. Wanda ke 0 zuwa 2 bayan wata uku shi ake cewa ya tsaya da ƙafarsa. Ma'aunin Barthel, wanda ake amfani da shi tun 1965, yana ba da maki har 100 kan abubuwa goma na yau da kullum: ci, wanka, sa tufafi, shiga banɗaki, riƙe fitsari da bayan gida, tashi daga gado, tafiya da sauransu. Bincike da dama sun zo da sakamako mai kama da juna: masu ramammiyar tsoka, ko tun kafin ciwon ko bayansa, sun fi ƙarancin maki a waɗannan ma'aunai, haɗiyarsu ta fi jinkirin dawowa, sun fi daɗewa a asibiti. Dalilin a fili yake. Mafi yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi yana faruwa ne a wata ukun farko, kuma maimaita motsi ne ke koya mata sabuwar hanya. Wanda ke gajiya bayan tashi uku ba zai yi maimaicin da ake bukata ba, sai lokacin ya wuce shi yana kwance.

Amma akwai wurin da ya kamata a yi taka-tsantsan. Wanda ciwonsa ya fi tsanani shi ne ya fi daɗewa a kwance, shi ne ya fi kasa haɗiya, don haka shi ne ya fi ramewa, kuma shi ne dama ba a sa ran ya warke sosai. To ramar ce ta hana shi warkewa, ko tsananin ciwon ne ya jawo duka biyun? Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirin shekaru da tsananin ciwo ta hanyar lissafi, kuma alaƙar takan kasance tana nan ko bayan an cire, amma lissafi ba ya maye gurbin gwaji. Gwajin da aka yi kai tsaye ƙanana ne. Wanda aka fi ambata an yi shi a Kumamoto ta Japan, aka wallafa a 2019: mutum 44, mako takwas, rukuni ɗaya atisayen ƙarfi kaɗai, ɗaya atisaye tare da ƙarin sinadarin gina tsoka mai yawan lusin, ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina tsoka da su. Na biyun sun fi samun ƙarfin damƙa da tsoka da iya hidimar kai. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma mutum 44 ba su isa a kafa doka a kansu ba.

Sannan yawancin wannan ilimi daga Japan ya fito, inda tun shekarar 2000 suke da ɗakunan farfaɗowa na musamman, mara lafiya ya yi watanni ana yi masa gashi har awa uku a rana, kuma galibinsu sun haura saba'in. Namu daban ne. Babban binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Gana ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi da Farfesa Bruce Ovbiagele, wanda Kano na cikin cibiyoyinsa, ya nuna a rahotonsa na 2018 cewa matsakaicin shekarun masu ciwon 59 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, kuma hawan jini ne babban sila da tazara mai nisa. Wato namu sun fi ƙuruciya, da yawansu magidanta ne masu ciyar da gida, kuma da an sallame su daga Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ko na Nassarawa, jinyar ta koma hannun iyali, sai zuwa sashen gashi lokaci-lokaci gwargwadon kuɗin mota. Iyakokin sha-raɓa na 34 da 33 ma a jikin mutanen Asiya aka yanke su. Dogon Bafulatani siriri na iya faɗowa ƙasa da 33 alhali haka Allah ya yi shi, gajere mai ƙiba kuma ya haura 36 da kitse. Saboda haka lambar ranar farko ba hukunci ba ce. Abin dogaro shi ne a gwada mutum da kansa: a auna cikin kwana uku na farko, a maimaita duk mako a asibiti, ranar sallama, sannan duk wata har wata shida. Sha-raɓar da ta sauko daga 35 zuwa 33.5 cikin mako biyu ta fi tayar da hankali a kan wadda ta tsaya cik a 32.

Bayan awo

Awon da ba a bi shi da abinci da motsi ba, rubutu ne kawai a fayil. Kuma kafin abinci, haɗiya. Kada a ba mara lafiya komai ta baki, ko ruwan rubutu ko magani, sai ma'aikacin jinya ya gwada: a zaune tsaf, a farke sosai, ƙaramin cokali na ruwa sau uku, ana kallon tari, dalala, ko murya ta koma kamar mai kurkure. In ya wuce, sai kusan mililita 50 a kofi. Wasu ruwan na zarcewa huhu ba tare da tari ba, don haka zazzaɓi ko saurin numfashi bayan fara ci alama ce. Wanda ya kasa, robar ciyarwa da ake zurawa ta hanci zuwa ciki ce mafita, kuma gara a sa ta da wuri. Iyalai da yawa suna ƙin ta, suna ganin alamar ƙarshe ce, alhali sau da yawa ta mako biyu ko uku ce kafin haɗiya ta dawo. Babban gwajin FOOD na 2005 ya karkata ga cewa fara ciyarwa ta roba da wuri yana rage mutuwa, kuma a makonnin farko ta hanci ta fi wadda ake huda ciki. Gwajin ya kuma nuna cewa bai wa kowa da kowa abincin gwangwani na ƙari, har da masu cin abinci lafiya, bai ƙara komai ba. Nan ma amfanin awo ya fito: a san wa ke bukata, kada a sa iyali sayen gwangwani mai tsada a banza.

Adadin da ƙwararru ke bayarwa ga dattijo mara lafiya shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, da kuzarin abinci kusan kalori 30 a kowane kilo. Mai kilo 60 ke nan yana bukatar giram 72 zuwa 90, kuma an fi so a raba shi, 25 zuwa 30 a kowane ci, maimakon a tara a dare. Kofin koko bai wuce giram biyu ko uku ba. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin kindirmo kusan 8, kofin dafaffen wake kusan 13, giram 100 na dafaffen nama ko kifi 20 zuwa 25. Da kayan kasuwar Rimi ko 'Yankaba ana iya haɗa shi: da safe kunun gyaɗa mai kauri da cokali uku na madarar gari da ƙwai biyu, da rana alala ko faten wake da aka dama da kifin da aka cire wa ƙaya, da la'asar kindirmo ko awara mai taushi, da dare tuwo mai laushi da miyar kuka da niƙaƙƙen nama. Ga mai matsalar haɗiya, abu mai kauri da santsi ya fi ruwa tsararo aminci, kuma a guji mai gari-gari ko mai tauri irin su dambu, ƙuli-ƙuli da kilishi, sai in an niƙa an dama. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda hawan jini, mai ciwon suga a cire masa sukari a kunu da fura. Ya ci a zaune, ya ƙara rabin awa a zaune bayan ya gama, a duba kuncin da ya mutu a share ragowar abinci, a wanke baki. Gargaɗi ɗaya mai nauyi: hawan jini da ciwon suga da suka kai ga shanyewa sukan taɓa ƙoda. A yi gwajin ƙoda kafin a ƙara furotin, don wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai lissafinsa daban ne.

Furotin ba ya zama tsoka sai an sa tsokar aiki. A nan tausayi ke yi mana illa: Baba ya kwanta ya huta, a kawo masa buta, a kawo masa fo, a ɗaga shi, a juya shi, har abin da zai iya da kansa a yi masa. Amma gaggawa ma tana da nata haɗarin. Gwajin AVERT na 2015, mai mutum 2,104, ya nuna cewa tayar da mara lafiya da yawa cikin awa 24 na farko ya rage yawan masu warkewa da kyau, kashi 46 cikin 100 maimakon 50 na waɗanda aka bi da su yadda aka saba. Abin da aka fahimta daga nan shi ne a fara bayan kwana ɗaya ko biyu in likita ya ga jiki ya daidaita, kuma gajere-gajere sau da yawa ya fi dogo sau ɗaya.

Atisayen da ya fi kowanne riba a gida shi ne tashi da zama. Kujera mai ƙarfi marar taya, a jingine da bango, tsayinta ya kai gwiwa ko ya ɗan fi; katifar ƙasa da kujerar kushin mai nutsewa ba su yi. Mara lafiya ya matso bakin kujera, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, dugadugai a ɗan ja su baya, ƙafar da ta shanye kada a bar ta a gaba tana hutawa. Ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ya miƙe, ya koma a hankali ba faɗawa ba. Mai taimako ya tsaya a ɓarin da ya shanye, ya riƙe shi ta ƙugu, gwiwarsa tana tare gwiwar mara lafiya. Kada a kuskura a ja shi ta hannun da ya mutu: tsokar da ke riƙe kafaɗar ta saki, ja ɗaya na iya gocar da ita, ciwon ya zauna watanni. A fara da biyar sau uku a rana, a riƙa ƙarawa. Ga dantse da cinya, ledar ruwa rabin kilo ce, babbar robar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi. Ɗagawa 10 zuwa 15, zagaye ɗaya zuwa uku, kwana biyu ko uku a mako, kuma in na ƙarshen ya daina wahala a ƙara nauyi. Ya riƙa fitar da numfashi lokacin ɗagawa, don riƙe numfashi yana harba jini sama. A auna jini kafin a fara. In ya kai wajen 180 a kan 110, ko akwai jiri, ciwon ƙirji ko sabon rauni, a dakata a nemi likita. Tsohon tsoron da ake yi cewa atisayen ƙarfi yana ƙara sandarewar gaɓoɓi, bincike bai tabbatar da shi ba.

Ranar komawa asibiti, mai jinya ya tafi da ƙaramin littafi mai ɗauke da kwanan wata, awon sha-raɓar dama da hagu, ko akwai kumburi, yawan tashi da zaman da ake yi a rana, da kimanin rabon kwanon da mara lafiya ke cinyewa. Da wannan likitan gashi da mai kula da abinci za su san ko nauyin atisaye za a ƙara, ko abincin ne bai isa ba, ko kuma haɗiyar ce ke bukatar a sake dubawa.